Rana, Wata da Hutu: Abin da ke Tsara Zuwan Baƙi Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin madatsar ruwa ta Tiga kashegarin Sallah, sa'an nan ya sake komawa wata ranar Talata bayan mako uku, zai yi tsammanin wurare biyu daban ya ziyarta. A zuwan farko zai tarar da motoci da babura, da samari da yara cikin sababbin kaya, da masu tallar rake da soyayyen kifi, ga masu kwalekwale suna kiran fasinja. A zuwa na biyu kuwa babu kowa sai masunta suna gyaran koma, da makiyayi yana shayar da shanunsa. Ruwan bai canja ba, duwatsun ma suna nan inda suke. To, mene ne ya kawo jama'ar nan a rana guda, mene ne kuma ya kwashe su?

Wannan tambaya tana cikin fagen ilimin labarin ƙasa, kuma amsarta tana shafar abincin mutane da yawa, da dukiyar gwamnati, har ma da rayukan yara. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, zuwan baƙi ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana bin kalanda uku ne: ta rana, wadda take kawo damina da rani, ta wata, wadda take kawo Sallah, da ta hukuma, wadda take ba da hutu. Waɗannan ukun ba kullum suke tafiya tare ba, kuma daga saɓaninsu ne yawancin matsalolin yawon buɗe ido a wannan yanki suke tasowa.

Shimfiɗar ƙasar

Idan mutum ya baro birnin Kano ya kama hanyar Zariya, ƙasa takan riƙa tashi a hankali, itatuwa kuma su riƙa ƙaruwa. A ƙaramar hukumar Bebeji akwai tafkin Bagauda da garin Tiga, wanda yake kimanin kilomita 70 daga birni. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48, faɗin tafkin kuma idan ya cika murabba'in kilomita 178 ne. An tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan mita cukus biliyan 2, domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, da kuma ruwan sha na birni. Shaƙatawa riba ce da ta biyo baya.

A ƙasar Kiru, a Kwanar Ɗangora, hanya takan rabu ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta Doguwa da Saminaka har zuwa Jos. Dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun dajin Kogin Kano, an keɓe shi tun zamanin Turawa, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Girmansa kimanin hekta 92,000 ne, kuma ya shiga ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Can ƙarshen kudu kuma ga duwatsun Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa waɗannan duwatsu gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, ruwa da iska suka zaizaye samansa. Danginsu ne duwatsun Jos da na Azbin a Jamhuriyar Nijar. A cikinsu ake samun kuza, kuma tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suke narka ta ana kai ta kasuwar Kano.

Baƙunci ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Bebeji tsohon zango ne na fatake a kan hanyar Kano zuwa Zazzau. Ta nan Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, ya bi a 1826. Nan ne kuma rundunar Ingila ta fara fasawa kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A garin ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Sai dai baƙon da da na yanzu ba ɗaya ba ne: na da ciniki ya kawo shi, na yanzu kuwa hutu.

Wane ne baƙo?

Kafin a ƙidaya kowane abu a kimiyyance, dole a fara fayyace shi. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba masu ziyara gida biyu: wanda ya kwana aƙalla dare ɗaya a wurin da ya je, da wanda ya je ya dawo a yininsa. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai kwana yana biyan ɗaki da abincin dare da na safe, mai yini kuwa sau da yawa da guzurinsa yake zuwa.

Idan muka auna kudancin Kano da wannan ma'auni, za mu ga cewa mafi yawan masu kwana 'yan gida ne, wato 'yan asalin Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada da suke aiki ko kasuwanci a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, suka dawo yin Sallah ko biki. Su kuwa ba sa neman otal, ɗakin gidansu yana jiransu. Masu cika bakin tafki kuma 'yan yawon Sallah ne daga birni da garuruwan kusa, da ɗaliban da makarantu suke kawowa ziyarar ƙaro ilimi. Duka kafin magariba sun kama hanya. Akwai kuma matafiya masu wucewa zuwa Jos, waɗanda sukan yi yawa a ƙarshen Disamba, sai dai iyakarsu su tsaya su sayi rake ko masara a bakin titi. Baƙon da yake kwana a otal, wato mahalarcin taro ko ɗan ƙasar waje mai son ganin daji, shi ne mafi ƙaranci. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Kalandar rana

Yanayin ƙasar Hausa iskoki biyu ne suke juya shi. Ɗaya tana tasowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ɗayar tana zuwa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, busasshiya, kuma da hunturu takan ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Layin da iskokin nan suke haɗuwa yakan matsa arewa daga Afrilu zuwa Agusta, sa'an nan ya koma kudu. Tun da kudancin jiha shi yake fara shiga ƙarƙashin iska mai laima, shi kuma yake fita a ƙarshe, daminarsa ta fi tsawo. Ruwan da yake samu a shekara yakan haura milimita 1,000, alhali na birni bai cika kaiwa haka ba. Wannan ne ya sa ake ganin doka da maje da kaɗanya da maɗaci a Falgore, itatuwan da suke ƙaranci idan an yi arewa.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake yi wa mai ziyara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa takan yi kore shar, rafuka su kawo, ruwa ya riƙa gangarowa daga duwatsun Riruwai gwanin sha'awa. Amma ciyawa takan fi mutum tsawo, hanyoyin cikin daji su yi laka, dabbobi kuma su bazu ko'ina domin kowane kududdufi mashaya ce. Mai neman ganin gwanki ko mugun dawa a watan Agusta wahala kawai zai sha. Da kaka, wato Oktoba da Nuwamba, tafkin Tiga yana kan cikarsa, sararin sama ya washe, hanya ta bushe, ga amfanin gona ya shigo gida, mutane suna da ɗan abin hannu. Da hunturu ciyawa ta kwanta ko ta ƙone, ganye ya kaɗe, ido yana kaiwa nesa a cikin daji, tsuntsayen da suke gudo sanyin Turai kuma sun sauka a bakin ruwa. Illar hunturu ita ce hazo, wanda wani lokaci yakan rufe duwatsu har mai ɗaukar hoto ya rasa abin ɗauka, da kuma sanyin safiya da yakan sauko wajen digiri 13.

Bazara kuwa tana da fuska biyu. Ga mai nazarin dabbobi ita ce mafi kyau, domin ƙananan rafuka sun ƙafe, dole dabba ta zo inda ruwa ya rage. Haka abin yake a Yankari ta Jihar Bauci, inda ƙarshen rani ne ake fi ganin giwaye a kwarin Kogin Gaji. Amma ga mai iyali bazara azaba ce: zafin rana a Afrilu yakan kusanci digiri 40, tafkin kuma ya ja baya saboda ruwan da ake saki domin noman rani da wanda rana take tururawa, ya bar taɓo a bakin gaɓa. A nan duwatsun Riruwai suna da wata fa'ida. Ƙa'ida ce ta kimiyya cewa zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba, wasu ƙololuwan Riruwai kuwa sun haura mita 1,100. Ɗalibi ya yi lissafi da kansa, zai sami bambancin kimanin digiri 4.

Saboda haka, in da yanayi kaɗai ake bi, da daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne baƙi za su fi yawa. Amma jama'armu ba yanayi suke dubawa ba kafin su fita. Wata suke dubawa.

Kalandar wata

Watan sama yana ɗaukar kwana 29.53 daga tsayuwa zuwa tsayuwa. A ninka wannan sau 12, za a sami kwana 354 da ɗan ɗoriya. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce da kusan rubu'i. Bambancin kusan kwana 11 ke nan. Ma'anar wannan ita ce, kowace shekara Sallah takan zo da wuri da kimanin kwana 11 bisa lissafin kalandar Turawa, kuma cikin kimanin shekara 33 takan zagaya damina da bazara da hunturu da kaka, ta dawo inda ta tashi.

Ga misali daga shekarun da muka sani. A 1990 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Afrilu, tsakiyar zafi. A 2000 an yi ta sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, cikin sanyi. Daga 2009 zuwa 2019 duk cikin damina ta riƙa faɗowa: ta fara daga Satumba, ta ratsa Agusta da Yuli, ta ƙare a farkon Yuni. A 2023 ta dawo 21 ga Afrilu, kusan daidai inda take a 1990. A 2025 an yi ta a ƙarshen Maris. Babbar Sallah kuma tana biye da ita da kimanin kwana 70.

Dubi abin da wannan yake haifarwa. Mai kwalekwale a Tiga yana samun cinikinsa mafi girma na shekara a cikin kwana uku ko huɗu bayan Sallah. A shekarun da Sallah take zuwa da kaka ko hunturu, ruwa a cike yake, rana ba ta da zafi, baƙi su daɗe su kashe kuɗi. A shekarun da take zuwa a Agusta kuwa, hadari ɗaya na bayan azahar ya isa ya watsa taron, ga shi manoman yankin suna cikin noma, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya yi wuya. Mutum guda ne, jirgi guda, tafki guda, amma cinikin shekara goma a jere zai iya zama mai kyau, na shekara goma masu biye kuma ya yi rauni, ba tare da ya yi wani kuskure ba.

A nan akwai darasi ga duk mai son yin bincike. A ce wani ya ƙidaya baƙin Sallah a Tiga a 2012, lokacin da ta zo a tsakiyar Agusta, sa'an nan ya sake ƙidayawa a 2023, ya ga bambanci, ya ce yawon buɗe ido ya ƙaru ko ya ragu. Hukuncinsa ba shi da ƙarfi, domin abubuwa biyu ne suka canja a lokaci ɗaya: shekara ta canja, yanayi ma ya canja. Ba zai iya tantance wanne ne ya jawo bambancin ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, har a rahotannin da manya suke rubutawa. A ƙasashen Turai, inda babban hutu yake zuwa a Yuli da Agusta kowace shekara, ana iya gwama bana da bara kai tsaye. A wurinmu sai an yi hattara.

Har ila yau, kwanakin Sallah na farko birni ne yake riƙe da jama'a. Akwai hawan Sallah da hawan Daushe da hawan Nassarawa, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Ɗan ƙasar waje da ya zo kallon hawa, idan ya gama sai ya nufi filin jirgi. Ba a cika samun wanda zai ce masa ga tafki da daji da duwatsu can kudu, tafiyar sa'a ɗaya zuwa uku ba.

Kalandar hukuma

Ita wannan ba ta da wuyar bayani. Ma'aikaci yana da Asabar da Lahadi, da kwana biyu da Gwamnatin Tarayya takan bayar a kowace Sallah. Ɗalibi kuma dogon hutunsa yana farawa ne a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, wato daidai lokacin da daji ya rufe kuma ruwan sama ya fi yawa. Hutun da ya dace da yanayi shi ne na Disamba, shi kuwa gajere ne. A ganina, makarantar da take son kai ɗalibai Falgore ko Riruwai ta daina jiran ƙarshen zangon karatu na uku; ta zaɓi wata Asabar a Nuwamba ko Janairu.

Lissafin ɗakuna

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, gwamnatin Kano ta gina manyan masaukai biyu a wannan yanki: otal ɗin tafkin Bagauda, da otal ɗin Rock Castle da aka ɗora bisa dutse yana kallon tafkin Tiga. A lokacin suna da kasuwa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suna aiki, akwai Turawa da Indiyawa da Kwarori masu fita hutun ƙarshen mako, ma'aikatu kuma suna shirya taruka. Malamai da yawa sun san labarin taron ƙara wa juna sani kan ilimi da aka yi a Bagauda a Satumba 1980, wanda har rahotonsa ya ɗauki sunan wurin.

Daga baya abubuwa suka juya. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoba 1985, aikin haƙar ma'adinai na Riruwai ma bai ɗore ba. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta karye, masana'antu suka fara rage ma'aikata. A Agusta 1988 kuma madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarna. Baƙin da suke kwana suka ragu. A ƙarshe an mayar da otal ɗin Bagauda reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, shi kuma Rock Castle ya shafe shekaru yana lalacewa.

Mutane sukan ce rashin kulawa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai lissafi a ƙarƙashin rashin kulawar. Mu ƙaddara wani otal mai ɗaki 100. A shekara yana da kwanan ɗaki 36,500 na sayarwa, wato 100 sau 365. A ce ya cika maƙil kwana biyar a kowace Sallah. Ya sayar da 1,000 ke nan, abin da bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Amma albashin ma'aikata da man janareta da gyaran rufi ba su san Sallah ba, kullum suna nan. Ɗaki kuma ba kamar buhun masara ba ne da za a ajiye sai ya yi tsada; daren da ya wuce babu kowa a ciki ya tafi ke nan. Tun da mun riga mun ga cewa taron Sallah ba ya ma kwana, sai mu gane cewa an gina waɗannan masaukai ne domin wani irin baƙo, wanda yake zuwa ba fashi kuma wani iri ne daban. Abin da mai yini yake bukata shi ne inuwa da ruwan sha da makewayi da wurin salla da jirgi mai aminci, duka kuwa ba su kai tsadar otal ba.

Wani masanin labarin ƙasa mai suna Richard Butler ya bayyana a 1980 cewa wurin shaƙatawa yana da matakan rayuwa kamar abu mai rai. Da farko 'yan ƙalilan ne suke gano shi, sa'an nan mutanen wurin su fara yi musu hidima, sai a zuba jari, ya bunƙasa, ya tsaya cik, daga nan ko dai ya durƙushe ko a farfaɗo da shi ta wata sabuwar hanya. Tiga da Bagauda sun bi wannan tsari, sai dai da wani bambanci: gwamnati ce ta tsallake matakan farko ta fara da babban gini, kafin mutanen gari su saba da sana'ar. Yardar jama'a kuwa ba ƙaramin abu ba ce. A 2016 an yi niyyar kafa dandalin shirya fina-finai a Kofa ta ƙasar Bebeji, aka fasa bayan da aka yi ta suka.

Nisa da tsada da tsoro

Akwai wata ƙa'ida a ilimin labarin ƙasa da take cewa yawan masu zuwa wuri yana raguwa gwargwadon nisansa. Nisan nan kuma ba da kilomita kaɗai ake auna shi ba; ana auna shi da kuɗi da lokaci da kwanciyar rai. Shi ya sa gidan namun daji na Audu Baƙo da ke cikin birni yake cika da yara ranar Sallah, Tiga ta sami wani kaso, Falgore mai nisan fiye da kilomita 100 ta sami kaɗan, Riruwai kuwa sai mai niyya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kilomita ba ta ƙaru ba, amma Tiga ta ƙara nisa ga mai ƙaramin ƙarfi. Haka tsoro yake yi. A tsakiyar shekarun 2010 ɓarayin shanu da 'yan fashi sun addabi dajin Falgore, har rundunar sojan ƙasa ta gudanar da atisaye a cikinsa a 2017. Labarin fashi ɗaya yakan daɗe a bakin mutane fiye da yadda matsalar kanta take daɗewa. A 2020 kuma annobar korona ta rufe Kano, kamar yadda ta rage matafiya tsakanin ƙasashen duniya da fiye da kashi 70 cikin 100.

Haɗari biyu na ranar cunkoso

Taruwar baƙin shekara cikin 'yan kwanaki tana da haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Na farko shi ne jirgin ruwa. Jirgi yana tsayawa bisa ruwa ne muddin nauyin ruwan da ya ture ya yi daidai da nauyinsa da na kayansa. Kowane fasinja da aka ƙara yana ƙara nutsar da shi, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa tana raguwa. Idan ta rage kaɗan, igiyar ruwa ƙarama ko miƙewar mutum biyu a gefe guda ta isa. Mai jirgi kuwa ya san cinikin kwana uku ne, don haka zuciyarsa takan raya masa ya ƙara mutum. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani jirgi ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Bagwai ba ta cikin yankin da muke magana, amma ruwa ɗaya ne, ranar taro kuma ɗaya ce. Malamin da ya jagoranci ɗalibai kada ya bari yaro ya shiga jirgi ba rigar ceto, kada kuma ya ji kunyar sauke su idan ya ga an cika.

Na biyu ba a ganinsa da ido, shi ne tsargiya, wato fitsarin jini. Wata tsutsa ce take kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai son ruwa marar gudu da ciyayi. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'yan tsutsar su fito daga katantanwar, musamman da tsakar rana, su huda fatar duk wanda yake cikin ruwan. Madatsun ruwa da magudanan noman rani suna daga cikin wuraren da wannan katantanwa ta fi samun mazauni. Yaron da ya yi wanka ranar Sallah ba zai ga jini ba sai bayan wata biyu ko uku, lokacin an manta da tafiyar. Akwai magani mai suna farazikwantel, kuma yana aiki, amma sai an gaya wa ma'aikacin lafiya cewa yaron ya shiga ruwan tafki. A lura kuma, Sallar da ta zo da bazara ita ce ta fi jan yara cikin ruwa.

Aikin da makaranta za ta iya yi

Makarantun sakandare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna zaune a bakin abin bincike. Ba a bukatar wata na'ura, littafi da biro da agogo sun isa. A zaɓi wuri guda, alal misali mashigar bakin tafki, bayan an nemi izinin masu kula da wurin. A zaɓi sa'o'i guda, kamar daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, kada a canja su. A ƙidaya masu shiga, a raba manya da yara, a rubuta irin abin hawa. A tambayi kowane mutum na goma tambaya uku kawai: daga ina ya zo, zai kwana ko zai koma, in zai kwana a ina. Ba a rubuta sunan kowa. A kowane shafi a sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da yanayin ranar, da inda ruwan tafki ya tsaya idan an auna da wani dutse sananne. Sa'an nan, wannan shi ne mafi muhimmanci, a maimaita ƙidayar a ranakun da ba na biki ba: Asabar ɗaya da Talata ɗaya a kowane wata. Da su ne za a gane abin da yanayi ya kawo da abin da Sallah ta kawo.

Shekarun da ke tafe sun dace da wannan aiki. Bisa lissafin kwana 11 ɗin nan, Ƙaramar Sallah za ta shiga watan Fabrairu wajen 2028, ta kai farkonsa a 2030, a 2033 kuma a yi ta sau biyu, a Janairu da Disamba, kamar yadda aka yi a 2000. Babbar Sallah kuwa za ta bar damina ta ratsa Mayu da Afrilu zuwa Maris. Wato a shekara guda za a sami taro ɗaya cikin sanyi, tafki da sauran cikarsa, ɗaya kuma cikin tsananin zafi, ruwa ya ja baya. Ajin da ya fara rubutawa bana ya miƙa littafin ga na bayansa, ya nuna musu dutsen da ake auna ruwa da shi da kuma inda mai ƙidaya yake tsayawa.